Kada A Jira Aji Biyar Kafin Ɗalibin Injiniya Ya Taɓa Na'urar Da Yake Wa Lissafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin shugabannin tsangayoyin injiniya da malaman da ke koyar da darasin sarrafa na'urori, wanda ɗalibai suka fi sani da kwantirol. Ga mai karatun da ba fanninsa ba ne, wannan shi ne ilimin da ke sa na'ura ta riƙe kanta a inda ake so ba tare da mutum ya tsaya a kanta ba. Ana auna abin da ke faruwa, a kwatanta shi da abin da ake buƙata, a gyara gwargwadon giɓin da ke tsakani, a sake aunawa. Da shi janareta ke riƙe ƙarfin wuta idan an ƙara masa kaya, da shi injinan Kainji da Shiroro ke bin zagaye 50 a sakan, da shi kuma ake tsare zafin murhun gasa siminti.

Galibi a aji huɗu ko na biyar ake koyar da shi, kuma kusan duka a kan allo: lissafin Laplace, jadawalin Routh, zanen Bode, zanen Nyquist. Duk suna da amfani, ba mu ce a rage ko ɗaya ba. Damuwarmu ita ce ɗalibi yakan ci jarrabawa da maki mai kyau alhali bai taɓa ganin na'ura tana lilo don ya matsa mata lamba fiye da kima ba. Sai ya zo aikin kammala digiri ya haɗu da waya da dalma a karo na farko, lokacin da babu sauran damar yin kuskure a gyara. Shawararmu ita ce a ɗaura darasin a kan aikin ƙira guda ɗaya tun makon farko, ƙarami, mai arha, wanda aka rubuta sharuɗɗansa da alƙaluma, kuma a riƙa tilasta wa ɗalibi ya rubuta hasashensa kafin ya kunna na'ura.

Ai fannin kansa haka ya samo asali. Gwamnan injin tururi na James Watt, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, ya yi shekaru tamanin yana aiki kafin Maxwell ya rubuta lissafin da ya bayyana dalilin da wasu ke lilo, a 1868. Minorsky ya lura da yadda matuƙin jirgin ruwa ke murza sitiyari, daga nan ya fitar da tsarin gyara mai sassa uku da ake kira PID a 1922. Ziegler da Nichols kuwa gwaji suka yi ta yi a kamfanin Taylor na Amurka kafin su buga ƙa'idojinsu a 1942. Na'ura ce ta fara yin gardama, lissafi ya biyo baya.

Aikin da muke ganin ya fi dacewa shi ne riƙe zafin akwatin ƙyanƙyasa ƙwai. Kowa ya san amfaninsa, tafiyarsa a hankali take har ido na iya bi, kuma sharuɗɗansa kaza ce ta gindaya su, ba malami ba. Ƙwan kaza na bukatar zafi wajen digiri 37.5 na Selshiyas har kwana 21, da laima kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, a ɗaga ta zuwa 65 ko 70 a ukun ƙarshe, kuma zafin da ya wuce kima ya fi ɗan sanyi saurin kashe ɗan tsako a cikin ƙwai. Daga nan sai a rubuta wa ɗalibai abin da za a gwada su a kai: akwati ya kai 37.5 cikin minti 15, kada ya zarce da fiye da rabin digiri, ya zauna tsakanin 37.2 da 37.8, idan an buɗe ƙofa na sakan 30 ya dawo cikin minti 5.

Kayan ba su da yawa. Akwatin katako mai kamar santimita 40 ta kowane ɓangare, a liƙa masa soson kwali mai kaurin santimita biyu da rabi daga ciki, a bar ƙananan ramukan shan iska. Ƙwan fitilar birkin mota mai wat 21 guda uku, jimilla wat 63, su ne hita. Fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12, allon Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar da ake ɗora wa manhaja), ma'aunin zafi DS18B20 da rizista mai om 4,700 tsakanin wayar saƙonsa da bolt 5, da tiransista IRLZ44N mai kunna hita da kashe ta. Wutar bolt 12 da za ta iya ba da amp 8 zuwa 10, fiyus, da makunnin zafi na ƙarfe wanda ke yanke wuta da kansa a digiri 50, a jera shi a kan wayar hita. Wannan na ƙarshen ba a sasantawa a kansa. Manhaja na iya sandarewa ta bar hita a kunne, makunnin ƙarfe kuwa babu ruwansa da manhaja. Mun zaɓi bolt 12 ne da gangan, don kada ɗalibin da ke koyon haɗa waya ya riƙa wasa da bolt 230. Kuma ba a sa ƙwai mai rai a lokacin gwaji. Gorunan ruwa da suka kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu sun isa su tsaya a madadin kiret guda na ƙwai.

Tun a wajen haɗi ake fara koyo. Ɗalibai da dama kan sayo IRFZ44N ko IRF540 saboda sun fi yawa a shago, sai tiransista ta yi zafi kamar garwashi. Dalili shi ne waɗannan suna son kimanin bolt 10 a ƙofarsu, wato ƙafar da ake ba su umarni ta kanta, kafin su buɗe sosai, Arduino kuwa 5 yake bayarwa, mai harafin L ɗin ce aka yi domin haka. A sa rizista mai om 10,000 daga ƙofar zuwa wayar ƙasa, wato ta negatif, don hita ta kasance a kashe a duk lokacin da allon ke farfaɗowa. A haɗa wayar ƙasa ta Arduino da ta wutar hita, in ba haka ba umarni ba zai isa ba. Masu son amfani da rile mai ƙaf-ƙaf, wato makunnin da wuta ke motsawa, su yi wannan lissafin: idan zai kunna ya kashe duk sakan biyu, sau 43,200 ke nan a rana, ƙananan rile kuwa akan ƙiyasta musu kunnawa wajen 100,000 a ƙarƙashin cikakken kaya. Kafin kwana uku ya gama yawo.

Ma'aunin ma sai an yi masa tambayoyi. DS18B20 yana rarrabe har digiri 0.0625, amma alƙawarin masu ƙera shi rabin digiri ne sama ko ƙasa, wato ya fi faɗin sharaɗin da aka gindaya. Saboda haka a tsoma shi tare da ma'aunin zafin jiki na asibiti a kofin ruwan ɗumi mai digiri 37 zuwa 38, ana juyawa, a rubuta bambancin a cire shi a cikin manhaja. A nan ɗalibi ke gane cewa yawan lambobi bayan ɗigo ba shi ne gaskiyar awo ba. Wanda ya ɗauki ma'aunin LM35 zai ga wata matsalar: yana ba da milibolt 10 a kowane digiri, Arduino kuma yana raba bolt 5 gida 1,024, kowane taki milibolt 4.9, kusan rabin digiri. Sai an koma ma'aunin ciki na bolt 1.1 taki zai ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na digiri. Ma'aunin DHT11 kuwa, mai kuskuren digiri biyu, ba shi da gurbi a wannan aiki. Wurin da aka rataye ma'auni ma magana ce: idan hasken fitila na dukansa kai tsaye zai faɗi zafin da iska ba ta kai ba, don haka a kare shi da ɗan kwali, a ajiye shi daidai tsayin da ƙwai zai zauna. Akwai kuma tarko biyu da ya kamata kowane rukuni ya gani da idonsa. Ma'aunin yakan ba da 85 idan an karanta shi kafin ya gama awon farko, manhajar da aka fi amfani da ita kuma tana ba da 127 ƙasa da sifili idan waya ta cire. Kwantirola, wato sashen manhajar da ke ba hita umarni, idan ba a gargaɗe ta ba za ta ɗauka akwatin ya zama ƙanƙara ta sake wa hita wuta gaba ɗaya. Malami ya zare wayar a gabansu, ya ga ko manhajarsu za ta kashe hita.

Mako na uku da na huɗu na gwajin taki ne, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ba a sa kwantirola tukuna. A bar akwati ya huce ya yi daidai da ɗaki, a kunna fanka, a ba hita kashi 40 cikin ɗari a lokaci guda, a riƙa rubuta zafi kowane sakan har ya daina hawa. Bari mu ɗauki alƙaluma na misali don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce ɗaki na digiri 28, akwati ya tsaya a 40. Hawan digiri 12 a kan kashi 40, ƙarfin amsar akwati ya zama 0.3 ga kowane kashi ɗaya. Sai a duba lokacin da aka ci kashi 28.3 na hawan, wato digiri 31.4, da lokacin da aka ci kashi 63.2, wato 35.6. A ce sakan 240 da sakan 640 ne. Bambancinsu 400, a ninka da ɗaya da rabi, an sami sakan 600: nauyin jikin akwatin ke nan, wato yadda yake jan lokaci wajen amsawa. A cire shi daga 640, saura 40: jinkirin da ke tsakanin kunna hita da fara jin ta a ma'auni. Da lambobi ukun nan, 0.3 da 600 da 40, ɗalibi ya sami siffar lissafi da ya auno da hannunsa, ba wadda aka ba shi a takardar tambaya ba.

A sa su maimaita a kashi 20 da kashi 70. Lambobin ba za su zo daidai ba, domin zaren fitila yana ƙara taurin kai ga wuta idan ya yi zafi, don haka zafin da yake bayarwa ba ya bin umarni a miƙe. A sa gorunan ruwa a sake gwadawa, za a ga wata doguwar jela a zanen, iska ta yi ɗumi da wuri amma ruwa na ta shan zafi a hankali. Duk abin da littafi ke nufi da cewa siffar lissafi kusantawa ce a kewayen wuri ɗaya, ga shi nan a takarda.

Daga nan sai kwantirola, kuma a fara da P kaɗai, wato a ba hita wuta gwargwadon giɓin yanzu. Kafin a kunna, kowane rukuni ya rubuta inda yake tsammanin zafi zai tsaya, malami ya sa hannu. Da lambar P ta 25, a ninka da 0.3 a sami 7.5. Giɓin farko digiri 9.5 ne, a raba shi da 8.5, wato 7.5 da ƙarin ɗaya, ragowar giɓi digiri 1.1. Akwati zai tsaya wajen 36.4, ba zai taɓa kai 37.5 ba, domin da giɓi ya rufe da hita ta mutu. Ɗalibi zai ce to a ƙara lambar. A bar shi ya ƙara, amma ya fara lissafa inda za ta fashe. Siffar da ba ta da jinkiri tana cewa ko an kai dubu ba za a yi lilo ba. Wadda ta sa sakan 40 ɗin nan tana cewa wajen 80 akwati zai shiga hawa da sauka ba tsayawa, kowane zagaye kimanin sakan 156. Sai a gwada. Idan ɗalibi ya zauna da agogo ya ga zafi na kai da komo duk minti biyu da rabi kamar yadda zanen Bode ɗinsa ya faɗa, ba zai sake tambayar amfanin zanen ba. Gani ya kori ji. Idan kuma awon ya saɓa wa hasashe, wannan ma riba ce, sai ya nemo dalili: ko ya canza wurin ma'auni, ko ya sa mai rigar ƙarfe wanda ya fi jinkirin amsawa a cikin iska, ko fanka ta rage gudu.

Sashen I shi ke share ragowar giɓi, domin yana tara duk giɓin da ya wuce yana ƙara matsa wa hita har sai an biya. Ƙa'idar Ziegler da Nichols, a kan lambobinmu, tana ba da lambar P 45 da lokacin I sakan 133. Ƙa'idar Skogestad ta 2003 tana ba da 25 da sakan 320. A sa rabin aji su bi ta farko, rabi su bi ta biyu, a manna zanen a allo ɗaya. Ta farko tana da zafin nama kuma tana lilo kafin ta natsu, domin da ma haka masu ita suka tsara ta. Ta biyu ta fi haƙuri. Wacce ta dace? Ga ƙwai, wanda zarcewa ke cutarwa, amsar a fili take. Ga wani aikin amsar na iya juyawa, kuma wannan zaɓin shi ne ainihin aikin injiniya.

Amma ko da lambobin haƙuri, kunnawar farko za ta ba su mamaki. Giɓin 9.5 sau 25 yana neman kashi 237 na wuta, hita kuwa ba ta da fiye da 100. Tana maƙura, sashen I bai sani ba, yana ta rubuta bashi. A lissafinmu akwati zai kai 37.5 bayan kamar sakan 270, kuma a lokacin I ya tara kusan kashi 110, alhali abin da ake buƙata don riƙe zafin kashi 32 ne kacal. Wannan rarar ba ta gogewa sai zafi ya wuce gona da iri ya daɗe a sama. Da da ƙwai a ciki, an yi asara. Maganin layi biyu ne a manhaja: a dakatar da tarawa muddin hita na maƙura kuma giɓi na neman a ƙara. Littattafan aji kan ba wannan matsala shafi ɗaya ko biyu a can ƙarshe, amma da wuya a ga kwantirolar masana'anta da ba a yi mata wannan rigakafi ba.

Sashen D, mai duba saurin canji, ɗalibai na son sa saboda sunan PID ya cika. A nan ba ya ƙara komai sai hayaniya. Idan ana awo kowane sakan, lokacin D sakan 20, lambar P 25, to motsi ɗaya na 0.0625 zai sa umarnin hita ya yi tsalle da kashi 31. Fitilu za su riƙa ƙifta ido ba dalili. Ko a tace awon kafin a ba D, ko a bar shi, kuma rukunin da ya bar shi ya kawo hujja da alƙaluma ya cancanci maki fiye da wanda ya sa shi don ado. Wani kuskuren da ke tafiya da wannan shi ne lokacin awo da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ma'aunin na ɗaukar milisakan 750 kafin ya gama awon da ke rarrabe har 0.0625, idan aka ƙara jiran sakan ɗaya a kai zagayen ya zama 1.75 alhali lissafin I da D na ɗauka 1 ne. A yi amfani da agogon cikin allo a tsayar da zagaye, kada a dogara da umarnin jira.

Yanayin ƙasarmu kuma yana koyar da abin da akwatin da aka gwada a ƙasar sanyi ba zai koyar ba. A watan Afrilu zafin rana a Maiduguri da Sakkwato yakan haura digiri 40. Kwantirola mai hita kaɗai, komai kyan lambobinta, ba ta da abin yi idan ɗaki ya fi 37.5, iyakarta ta kashe wuta ta zuba ido. Dole ɗalibi ya yi tunanin hannu na biyu, kamar fankar da ke jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen buhu, ya kuma tsara yadda hita da mai sanyaya ba za su yi ta kokawa da juna ba, ta hanyar barin ɗan fili a tsakani inda duk biyun ke hutawa. A daren hunturu kuwa, idan ɗaki ya sauka 12, ana neman hawan digiri 25.5 daga hitar da iyakarta 30, kashi 85 ke nan, saura kaɗan na farfaɗowa bayan buɗe ƙofa. Iskar hunturu busasshiya ce, sai an sa faranti na ruwa don laima, ruwan kuma idan yana tashi yana shan zafi, zafi idan ya hau yana sauke laima. Ga ƙofar shiga darasin na'urori masu mashiga biyu da mafita biyu, ba tare da an ƙirƙiro misali ba. Ga wanda zai mai da aikin kan wutar gida daga baya, zafin hita yana bin ƙarfin wuta da aka ninka shi da kansa: idan bolt 230 ya faɗi zuwa 190, hita na ba da kashi 68 ne kawai na ƙarfinta. Wato 0.3 ɗin nan ba tsayayye ba ne, kuma wannan shi ya sa ake barin rata tsakanin lambar P ta 25 da 80 ɗin da lilo ke farawa. Sai ɗauke wuta: idan ta dawo, kwantirola ta tashi da I a sifili, akwati da ɗuminsa. A gwada wannan ma.

Akwati ba zai koyar da komai ba, domin a hankali yake. Rabin zango na biyu ana iya kawo ƙaramar motar lantarki mai bolt 12, irin wadda ke juya fanka, a riƙe gudunta. A nan matsalar awo ce ke fara bayyana. Faifai mai ramuka 20 a kan gudun zagaye 300 a minti yana ba da bugu 100 a sakan. Idan ana ƙirga duk milisakan 20, bugu biyu ake samu, kuma kuskuren bugu ɗaya daidai yake da zagaye 150 a minti. Ɗalibi zai ga awonsa na tsalle tsakanin 150 da 300 da 450 ya zaci motar ce ta lalace. Mafita ita ce auna lokacin da ke tsakanin bugu da bugu, ko a sami faifai mai ramuka da yawa. Zai kuma tarar motar ba ta motsi sam sai umarni ya wuce wani mataki saboda gogayya, cewa L298N, allon da ke ba motar wuta, na cinye wajen bolt biyu kafin wuta ta isa motar, kuma idan mota da Arduino na shan wuta daga wuri ɗaya allon kan farfaɗo duk lokacin da motar ta tashi. Tankin ruwa ma yana da nasa darasin: ruwan da ke fita ta ramin ƙasa yana bin tushen tsayin ruwa, wato lambar da in an ninka ta da kanta take ba da tsayin, don haka idan tsayi ya ninka huɗu nauyin jikin tankin ya ninka biyu, lambobin da suka yi kyau a ƙasa ba lallai su yi a sama ba. Ma'aunin nisa mai amfani da sauti kuma yana ruɗewa da zafi, domin gudun sauti mita 343 ne a sakan a digiri 20, ya koma kusan 355 a digiri 40. Amma gara aiki ɗaya da aka bi har ƙarshe da uku da aka taɓa aka bari.

Mun san abin da za a ce: aji ya yi yawa, kuɗi babu, lokaci ya ƙure. A aji mai ɗalibai 200, rukuni na mutum huɗu ya ba da 50. Ba sai an yi akwati 50 ba. Goma sun isa idan aka raba lokaci, kowane rukuni ya sami zama ɗaya na awa uku a mako, tunda gwajin taki ɗaya bai wuce awa guda ba kuma sauran aikin a kwamfuta ake yi. Manhajar lissafi ma ba dole sai MATLAB ba. Scilab da Octave da Python kyauta ne kuma suna zana Bode da Nyquist daidai. Kayan gwajin da ake shigowa da su daga waje suna da kyau, sai dai idan ɗaya ya lalace yakan daɗe a rufe da leda, akwatin katako kuwa kafinta da mai gyaran rediyo sun isa su tashe shi. Ta fuskar manhajar karatu ma akwai wuri. Sabon tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, kuma tun da COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe a 2023, abin da ake tambaya wajen tantance kwas shi ne me ɗalibi ya iya yi, ciki har da ƙira da gwaji.

Inda irin wannan aiki ya fi mutuwa shi ne wajen ba da maki. Idan rahoto kaɗai ake dubawa, rahoto ɗaya zai zagaye aji, wani ma a saye shi. Don haka akwatunan su bambanta: wani da fitila biyu, wani da uku, wani da soso mai kauri, wani da ramukan iska da yawa, ta yadda lambobin rukuni ba za su yi wa maƙwabcinsa aiki ba. Kowane rukuni ya riƙe littafin gwaji da ake rubutawa da biro, da kwanan wata, da hasashen da aka sa wa hannu kafin awo. Aikin cikin rukuni ya riƙa juyawa, wanda ya riƙe waya wannan mako ya riƙe manhaja mako mai zuwa, don kada a wayi gari mutum ɗaya ke aiki uku na kallo, kuma kada a mai da ɗalibai mata masu rubuta rahoto kawai. A ganinmu aikin ya ɗauki aƙalla kashi 30 na makin darasin, kuma mafi yawan wannan ya tafi ga bayanin bambancin da ke tsakanin hasashe da awo, ba ga kyan akwati ba. Rukunin da ya kasa cika sharaɗi ɗaya amma ya nuna dalili da alƙaluma ya fi wanda ya dace da lambobi ta hanyar lalube.

Masu fasahar ɗakin gwaji su ne ƙashin bayan wannan tsari, a sa su cikin shirin tun farko, a ware musu kuɗin kayan da ke ƙonewa, domin tiransista da fiyus da ma'auni za su ƙone, kuma ya kamata a sayi rarar kashi ɗaya cikin huɗu tun ranar farko. A gwada kowane ma'auni da aka sayo kafin a raba, saboda jabu sun yi yawa a kasuwa.

Ranar gwajin ƙarshe kada ta wuce minti 30 ga kowane rukuni. A kunna akwati daga sanyi a duba lokacin isa da zarcewa. A buɗe ƙofa sakan 30. A sa gorar ruwan sanyi ɗaya a ciki ba tare da an sanar ba. A zare wayar ma'auni. A kashe wuta minti biyu a dawo da ita. Sannan malami ya nuna ɗalibi ɗaya da ya ga dama, ya ce masa jinkirin akwatin nan ya ninka biyu, ya faɗi lambar P da zai sa da inda lilo zai fara, ya rubuta a allo, a matsar da ma'auni nesa da fanka a gwada.

Mun gode da ba mu wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wasu malamai da injiniyoyi masu koyar da darasin sarrafa na'urori